Dimitiri Mendeliyef: Malamin da Ya Bar Gurabe a Jadawalin Sinadarai

'Yan uwana ɗalibai, musamman sababbin shigowa waɗanda aka ɗora wa kemistiri dole a zangon farko. Bari in fara da tona wa kaina asiri. A gwajin kemistiri na farko da na rubuta a makarantar nan, maki 4 na samu cikin 20. Kuma wallahi ba wasa na yi ba. Sati biyu na yi ina haddar sinadarai ashirin na farko, daga haidirojin zuwa kalsiyam, har abokan ɗakina a hostal suka roƙe ni in riƙa yi a zuci. Da na shiga, sai ga tambaya a kan sitironshiyam: wai idan ya haɗu da kilorin me zai bayar, kuma don me? Sitironshiyam lamba 38 ne, ba ya cikin haddata. Na bar wurin fili, na fito ina ƙorafin an kawo mana abin da ba a koyar ba.

Wani dattijo mai kula da ɗakin gwajinmu ne ya ji ni. Bai yi mini faɗa ba. Ya ja ni gaban jadawalin da ke manne a bango, ya ɗora yatsansa a kan kalsiyam, ya sauko da shi gida ɗaya, sai ga sitironshiyam a ƙasansa. Daga nan ya ba ni shawara in je in karanta tarihin mutumin da ya tsara wannan jadawali. Na je na karanta, kuma abin da na samo ne nake so in ba ku, don kada ku faɗa ramin da na faɗa. A littattafanmu an rubuta sunansa Mendeleev, ana kuma furta shi Mendeliyef.

Ɗan auta daga Saiberiya

An haifi Dimitiri Mendeliyef ran 8 ga Fabrairu 1834 a yankin Tobolsk da ke Saiberiya, can cikin ƙasar Rasha. Shi ne auta a gidan da aka haifi 'ya'ya sama da goma. Mahaifinsa, Ivan, shugaban makarantar sakandare ne, amma ya makance Dimitiri yana jariri, aikin ya kuɓuce masa. Ɗan fanshon da ake ba shi ba ya riƙe gida. Sai mahaifiyar, Mariya, ta karɓi wata tsohuwar masana'antar gilashi ta danginta da ke wani ƙauye kusa da Tobolsk, ta farfaɗo da ita, da ita ta ciyar da iyali. A nan yaron ya taso yana kallon yadda ake narka yashi ya koma gilashi.

A 1847 mahaifin ya rasu. Shekara ta zagayo, gobara ta cinye masana'antar. Wata uwar da nan ta saduda, ta nema wa ɗanta aikin akawu a gari. Mariya kuwa sai ta tattara abin da ya rage, ta ɗauki Dimitiri da yayarsa guda, suka kama hanyar Mosko a keken doki, tafiyar kusan kilomita 2,000, a lokacin da babu jirgin ƙasa a wannan hanya. Jami'ar Mosko ta ƙi ɗaukarsa, saboda a ƙa'idar wancan zamani makarantar da ya gama ba ta cikin yankin da jami'ar ke ɗiban ɗalibai. Duk wanda ya taɓa yin shekara a gida yana jiran sunansa ya fito ya san zafin wannan. Suka zarce San Fitasbag, babban birnin ƙasar a lokacin, inda a 1850 aka ɗauke shi a kwalejin horon malamai, wadda mahaifinsa ma ita ya yi. Bayan 'yan watanni mahaifiyar ta rasu. Yayar tasa ma ba ta daɗe ba ta bi ta.

Shi kansa ciwo ya kwantar da shi, har ana zaton tarin fuka ne zai tafi da shi. Duk da haka ya gama a 1855 da lambar zinariya. Aka tura shi koyarwa kudancin ƙasar, yankin Kirimiya, don iskar can ta fi ɗumi, ya iske ana tsakiyar yaƙi. Allah ya sa da sauran kwana a gaba, ya warke, ya koma San Fitasbag a 1856 ya ci gaba da karatu.

Ruɗanin da ya tarar

Kafin mu ci gaba, sai mun daidaita kalmomi uku, don su ne ginshiƙin duk abin da za a koya muku a wannan zango. Sinadarin asali shi ne wanda ba a iya farfasa shi da hanyoyin kemistiri a fitar da wani abu mafi sauƙi, kamar ƙarfe, zinariya, farar wuta ko oksijin. Atom shi ne mafi ƙanƙantar ƙwayar wannan sinadari. Haɗaɗɗen sinadari kuwa shi ne abin da ake samu idan atom na sinadarai daban-daban suka ƙulle da juna bisa ƙayyadadden adadi. Gishirin miya misali ne: sodiyam ɗaya, kilorin ɗaya.

A zamanin ƙuruciyar Mendeliyef, masana sun san atom na kowane sinadari yana da nasa nauyi idan aka gwada shi da na haidirojin, amma ba su yarda da juna a kan alƙaluman ba. Wani ya ce oksijin 8 ne, wani ya ce 16. Saboda haka ruwan sha ma wani HO yake rubuta shi, wani H2O. Ku ƙaddara a ce kowane lakcara da nasa alƙaluman, kuma jarrabawa ɗaya za ku rubuta.

A 1859 gwamnati ta tura Mendeliyef ƙaro ilimi a Heidelberg ta ƙasar Jamus. Yana can aka kira babban taron masana kemistiri a garin Karlsruhe a watan Satumba na 1860, ya halarta yana ɗan shekara 26. A wurin wani Ba'italiye, Stanislao Cannizzaro, ya nuna hanyar fitar da nauyin atom daidai ta amfani da ra'ayin Avogadro, wanda ya ce iskar gas kowace iri, in dai girman mazubi da zafi da matsi ɗaya ne, adadin ƙwayoyin da ke ciki ɗaya ne. Mendeliyef ya koma gida da alƙaluman da za a iya dogara da su. Ba don wannan taro ba, da jadawalin bai yiwu ba, domin ba a jera abu bisa nauyi alhali nauyin kansa ana gardama a kai.

Littafin ɗaliban aji ɗaya

Ga abin da ya fi ba ni mamaki. A 1867 aka ba shi kujerar farfesan kemistiri a Jami'ar San Fitasbag, aikinsa ya haɗa da koyar da sababbin ɗalibai, irina da irinku. Ya duba bai ga littafin da ya gamsar da shi a harshen Rashanci ba, sai ya zauna rubuta nasa, wanda ya sa wa suna Tushen Kemistiri. Sinadarai 63 aka sani a lokacin. Ya gama juzu'i na farko bai taɓo ko kashi ɗaya cikin huɗu nasu ba. Tambayar da ta tsaya masa ita ce: sauran fa, da wane tsari zai gabatar da su, yadda ɗalibi ba zai ɗauke su tarin sunaye marasa alaƙa ba? Ashe jadawalin da na ɗauka an ƙirƙiro shi don a wahalar da ni, saboda ɗan aji ɗaya aka yi shi, don a rage masa hadda.

An riga an san wasu sinadarai dangin juna ne. Litiyam, sodiyam da fotasiyam duk ƙarafa ne masu taushi da wuƙa ke yankawa, duk suna fushi idan sun taɓa ruwa, kuma kowanne atom ɗaya na kilorin yake kamawa. Iyayenmu mata ma sun san wani abu na wannan dangantaka ba tare da jadawali ba: in babu kanwa, ruwan toka yana yin aikinta a tukunya. Kanwa gishirin sodiyam ce, toka kuma ta fotasiyam ce. Tun 1829 wani Bajamushe, Döbereiner, ya lura cewa idan ka haɗa nauyin litiyam, 7, da na fotasiyam, 39, ka raba biyu, 23 za ka samu, wato nauyin sodiyam.

Mendeliyef ya jera sinadaran daga mara nauyi zuwa mai nauyi, yana duban halin kowanne. Litiyam 7, beriliyam 9, boron 11, kabon 12, naitirojin 14, oksijin 16, fulorin 19. Na gaba shi ne sodiyam 23, sai ga halin litiyam ya dawo. Magniziyam 24, alminiyam 27, silikon 28, fosfaros 31, farar wuta 32, kilorin 35.5 mai halin fulorin. Na gaba fotasiyam 39, halin sodiyam ya sake dawowa. Kamar kwanakin mako ne: in ka ƙirga daga Juma'a, kana zagayowa wata Juma'ar za ka tarar. Wannan zagayowar hali ita ce dokar da ya kafa. Idan aka yanke jerin a duk inda hali ya dawo, aka ɗora wani layi a ƙarƙashin wani, 'yan dangi ɗaya sai su faɗo a layi ɗaya.

Ran 1 ga Maris 1869, wadda ta yi daidai da 17 ga Fabrairu a tsohuwar kalandar Rasha, ya kammala zanen farko ya aika maɗaba'a. A cikin watan aka karanta takardarsa a gaban Ƙungiyar Masana Kemistiri ta Rasha, abokinsa Menshutkin ne ya karanta, shi kuwa ya tafi duba wuraren yin cuku a karkara. Za ku ji ana ba da labarin wai a mafarki ya ga jadawalin. Ni dai abin da na riƙe shi ne kusan shekara tara ke tsakanin taron Karlsruhe da wannan rana, kuma bai yi su a kwance ba.

Guraben da ya bari

Gaskiya ba shi kaɗai ya hango tsarin ba. John Newlands a Ingila ya lura a 1865 cewa hali yana dawowa a kan sinadari na takwas, aka yi masa dariya. Lothar Meyer a Jamus ya yi jadawali mai kama da na Mendeliyef, har an ba su lambar yabo ta Davy tare a 1882. To me ya sa sunan Mendeliyef ya fi fita? Abubuwa uku ne.

Na farko, inda nauyi da hali suka saɓa, ya bi hali. Teluriyam ya ɗan fi aidin nauyi, amma aidin ɗan dangin kilorin ne a fili, don haka ya sa teluriyam a gaba, aidin a baya. Na biyu, inda sinadari ya ƙi zama a ko'ina, ya yi ƙarfin halin cewa awon da aka yi masa ne ba daidai ba. Haka ya ninka nauyin yuraniyam daga 120 zuwa 240, kuma yau 238 muke rubutawa. Na uku, wanda ya fi duka, inda babu sinadarin da ya dace da wani gida, bai cusa wani da ƙarfi ba. Ya bar gurbin fili, ya ce akwai mai gidan, ba a dai gano shi ba tukuna.

A 1871 ya bayyana siffofin uku daga cikinsu dalla-dalla. Ya kira su eka-boron, eka-alminiyam da eka-silikon. Eka kalmar Sanskirit ce mai nufin ɗaya, wato gida ɗaya ƙasa da wane. Ba duba ya yi ba, maƙwabta ya tambaya. Ɗauki eka-silikon: a samansa silikon ne mai 28, a ƙasansa kuza mai 118, tsakiyarsu 73. Ya duba na hagu da na dama, ya tsayar da 72. Da yake silikon yana kama oksijin biyu da kilorin huɗu, ya ce wannan ma haka zai yi.

A 1875 wani Bafaranshe, Lecoq de Boisbaudran, ya gano sabon ƙarfe ya sa masa suna galiyam. Ƙarfe ne da ke narkewa a zafin da bai kai digiri 30 ba, wato a watan Afrilu a ɗakin gwajinmu da kansa zai zama ruwa. Mendeliyef ya ce ai eka-alminiyam ɗinsa ne. Bafaranshen ya auna densiti, wato nauyin ɗan curi mai santimita 1 ta kowane gefe, ya sami giram 4.7. Mendeliyef, wanda bai taɓa ganin ƙarfen da idonsa ba, ya rubuta cewa a sake awo, ya kamata a sami wajen 5.9. Aka ƙara tace ƙarfen aka sake aunawa, 5.9 ɗin aka samu. A 1879 Nilson ya gano sikandiyam a Suwidin, mai nauyin kusan 45, inda Mendeliyef ya ce 44. A 1886 Winkler ya gano jamaniyam a Jamus: nauyi 72.6, densiti 5.35, shi kuwa ya ce 72 da 5.5. Daga nan masu shakka suka yi shiru.

Shi da ɗalibai, shi da hukuma

Mendeliyef bai tsare kansa a ɗakin gwaji ba. Ya yi nazarin man fetur a Baku, ya je Amurka a 1876 ya ga rijiyoyin Pennsylvania, ya yi aiki a kan takin zamani da noma. A 1887 ya hau balan-balan shi kaɗai ya tashi sama don kallon husufin rana. Ya koyar a azuzuwan mata a lokacin da jami'o'in Rasha ba sa ɗaukarsu.

Ga kuma abin da ya shafe mu 'yan ƙungiyar ɗalibai kai tsaye. A 1890 ɗaliban jami'arsa suka tayar da ƙayar baya a kan dokokin da aka ƙaƙaba musu. Don kada abin ya kai ga 'yan sanda da kora, ya yarda ya karɓi takardar kokensu ya kai wa ministan ilimi, Delyanov, da hannunsa. Ministan ya mayar masa da takardar, ya nuna cewa ba huruminsa ba ne ya kawo irinta. Mendeliyef ya ajiye aiki, ya bar jami'ar da ya yi sama da shekara talatin yana koyarwa a cikinta. Ya yi wa ɗalibai alkawari, da abin ya ƙi, kujerarsa ya bayar. Daga 1893 ya shugabanci hukumar awo da ma'auni ta ƙasar har ƙarshen rayuwarsa.

Ba waliyyi ba ne. Mutum ne mai saurin fushi. Rabuwarsa da matarsa ta farko da auren wata matashiya a 1882, kafin cikar wa'adin da cocinsu ya gindaya, ya jawo masa surutu. A ilimi ma ya yi kurakurai. Da aka gano iskar argon a 1894 ya yi ta shakka, don babu mata gida a jadawalinsa, sai daga baya aka ƙara layi guda na iskokin da ba kasafai suke haɗuwa da kowa ba, shi ma ya amince. Ya yi hasashen wasu sinadarai da suka fi haidirojin rashin nauyi, ba a taɓa samunsu ba. Bai kuma saki jiki da batun cewa atom yana da 'yan ƙananan sassa a cikinsa ba. A 1906 kwamitin kyautar Nobel ya ba da sunansa, amma a ƙarshe Henri Moissan aka ba. Ya rasu ran 2 ga Fabrairu 1907, saura kwana shida ya cika shekara 73. A jana'izarsa ɗalibai sun ɗaga jadawalin suna tafe da shi.

Abin da bai rayu ya gani ba

Mendeliyef ya san hali yana zagayowa, bai san dalili ba. A 1913 wani matashi Bature ɗan Ingila, Henry Moseley, ya nuna cewa abin da ke tsara jadawalin shi ne lambar atom, wadda yau muka sani ita ce adadin furoton da ke tsakiyar atom. Teluriyam 52 ne, aidin 53, ashe jerin da ya yi musu daidai ne. Daga baya aka gane cewa 'yan layi ɗaya na tsaye suna da adadin ilaktaron iri ɗaya a ɓawonsu na waje, kuma waɗannan na wajen su ne ke shiga haɗuwa. Sodiyam da fotasiyam ɗaya-ɗaya gare su, shi ya sa halinsu ya zo ɗaya. A 1955 aka ƙirƙiro sinadari na 101 a Amurka, aka sa masa suna mendelebiyam. Yau gidaje 118 ne a jadawalin, duk a cike.

To mu koma kan tambayar da ta kayar da ni. Sitironshiyam yana ƙasan kalsiyam a layi na biyu. Kalsiyam yana da ilaktaron biyu a waje, yana bayar da su, kowane kilorin kuma ɗaya yake karɓa, shi ya sa ake rubuta CaCl2. Don haka sitironshiyam SrCl2 zai bayar. Amsar layi biyu ce, kuma tana manne a bango duk tsawon satin da nake hadda.

Shawarata gare ku ita ce, ku haddace ashirin ɗin farko, don za ku buƙace su. Amma duk sinadarin da aka ambata a lacca, ku nemo gidansa, ku duba wa ke samansa, wa ke ƙasansa, wa ke gefensa. Ku gwada wannan a ɗaki: ku rufe gida ɗaya da 'yar takarda, ku yi ƙoƙarin faɗin nauyinsa, ko ƙarfe ne ko ba ƙarfe ba, da yadda zai haɗu da oksijin da kilorin, sannan ku buɗe ku gani. Da haka na gyara nawa karatun, kuma a jarrabawar ƙarshen zango ban sake kwas ɗin ba, alhamdu lillahi. Wanda abin ya shige masa duhu, ya tambayi na gaba da shi tun kafin gwajin farko, kada ya jira sai sakamako ya fito kamar yadda na yi. Allah ya ba mu sa'a baki ɗaya.